Zaɓen Littafin Karantawa a Lokacin Babban Hutu

A ƙarshen watan Yuni ake rufe makarantun ƙasar Nijar, ba a sake buɗe su sai farkon watan Oktoba. Wannan shi ne babban hutu, wanda yara suka fi sani da sunan bakansi. In aka haɗa kwanakin Yuli da Agusta da Satumba, za a samu kwana 92. Lokaci ne mai tsawo. Ɗalibin da ya yi kwana 92 bai buɗe littafi ba, ranar komawa makaranta zai tarar bakinsa ya yi nauyi wajen karatu. Kalmomin da ya sani a da sai ya riƙa tsayawa yana haɗa baƙaƙensu ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan aji ɗaya. Wuƙar da aka ajiye ba a wasa ta takan yi tsatsa. Haka karatu yake.

Maganin wannan abu shi ne ɗalibi ya tafi hutu da littafi. Amma ba kowane littafi ne ke iya zama abokin hutu ba. A makaranta malam ne ke zaɓa, shi ne kuma ke tsare yaro har ya karanta. A lokacin hutu babu malam, babu ƙararrawa. In littafi bai yi wa yaro daɗi ba, zai ajiye shi tun a shafi na uku. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya koyi yadda ake zaɓe.

Hutun bakin teku

Akwai ƙasashen da ke bakin teku, kamar Faransa da Ingila da Sanagal da Togo da Benin. Teku ruwa ne mai gishiri, mai faɗin da ido ba ya ganin ƙarshensa. A wurare da yawa bakinsa shimfiɗe yake da rairayi mai laushi. A ƙasar Faransa, a cikin 1936 aka yi dokar da ta ba ma'aikata hutun mako 2 a kowace shekara, ana biyansu albashinsu. Tun daga lokacin mutane masu yawa suka saba da zuwa bakin teku a watannin Yuli da Agusta. Sukan yi wanka, su zauna a kan rairayi ƙarƙashin laima, su buɗe littafi.

Mai irin wannan tafiya ba ya son kaya mai nauyi. Masu buga littattafai sun lura da haka. A Ingila, kamfanin Penguin ya fara fitar da ƙananan littattafai masu bangon takarda a cikin 1935. A Faransa ma an fara fitar da irinsu a cikin 1953, aka sa musu suna Le Livre de Poche, wato littafin aljihu. Ba su da tsada, ba su da nauyi, kuma in rairayi ko ruwa ya ɓata ɗaya, asarar ba ta da yawa. Mai zuwa bakin teku yakan nemi labari mai jan hankali, wanda zai iya ajiyewa ya shiga ruwa, in ya fito ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Hutun Dakoro

Nijar ba ta da teku. Garin Dakoro yana arewa da Maraɗi, tafiyar wajen kilomita 120, ƙasa ce ta rairayi da gero da dabbobi. A nan babban hutu yana faɗuwa ne a tsakiyar damina, lokacin da aiki ya fi yawa. Ɗan manomi yana gona tun da sassafe, haiwa a hannu, ana noman farko, ana maimai. Yarinya tana taya uwarta daka da ɗiban ruwa, tana kai abinci gona. Ɗan makiyayi kuwa, Bafillace ko Ba'abzine, yana bin garke zuwa arewa, ya ƙetare kwarin Tarka, don dabbobi su yi nesa da shuka.

Duk da haka ba a rasa lokacin hutawa. In rana ta take, masu noma sukan koma inuwa su sha fura. Ranar da ruwa ya wuni yana zuba, kowa yana ɗaki. Makiyayi yana samun zama in dabbobinsa sun ƙoshi sun kwanta suna tuƙa. Bayan sallar isha'i ma akwai ɗan lokaci kafin barci. Waɗannan gajerun lokuta su ne rabon littafi. Ashe bukatar yaron Dakoro ta yi kama da ta mai zuwa bakin teku: littafi mara nauyi, mai daɗi, wanda ake iya karantawa kaɗan-kaɗan.

Gwajin yatsu biyar

Abu na farko da ɗalibi zai duba shi ne ko littafin daidai da ƙarfinsa yake. Kyan bango ba ya nuna haka, kauri ma ba ya nunawa. Akwai hanya mai sauƙi ta ganewa. Ɗalibi ya buɗe littafin a tsakiya, ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi. Duk inda ya gamu da kalmar da bai sani ba, sai ya lanƙwasa yatsa ɗaya.

In ya kai ƙarshen shafi bai lanƙwasa ko ɗaya ba, ko ya lanƙwasa ɗaya kawai, littafin mai sauƙi ne. Ya dace da ranar gajiya. In ya lanƙwasa biyu ko uku, littafin daidai da shi yake, zai ji daɗinsa kuma zai ƙaru da sababbin kalmomi. In kuwa yatsu biyar duk sun lanƙwashe kafin ƙarshen shafi, littafin ya fi ƙarfinsa a bana. Sai ya bar shi sai baɗi. Babu abin kunya a cikin wannan. Ba a ɗora wa ɗan jaki kayan raƙumi.

Bayan gwajin yatsu, ɗalibi ya rufe littafin, ya faɗi abin da ya karanta da bakinsa. In ya iya faɗa, ya gane. Sannan ya tambayi kansa ko yana so ya san abin da ya faru a shafi na gaba. In yana so, ya samu abokin hutu.

Lissafin shafuka

Abu na biyu shi ne tsawon littafi. A nan lissafi yana da amfani. Yaron da ke karanta shafi 2 kowace rana zai karanta shafi 184 a cikin kwana 92. Wannan ya isa ya gama ƙananan littattafai 3 masu shafi 60 kowanne. Mai karanta shafi 1 a rana ma zai gama littafi mai shafi 90. Sannu sannu kwana nesa.

Ga mai aikin gona, littafin da aka raba shi zuwa gajerun labarai ya fi dacewa. Yana iya gama labari ɗaya a zama ɗaya, kafin a ce a tashi a koma bakin aiki. Dogon labari mai mutane da yawa yana bukatar a riƙa karanta shi kullum ba fashi, in ba haka ba sai a manta wane ne wane.

Guzuri kashi uku

Makarantun gwaji na Nijar sun faro ne a Damagaram a cikin 1973, da harshen Hausa. Daga baya aka buɗe wasu da Zabarmanci da Fillanci da Tamajak da Barbarci. A irin waɗannan makarantu yaro yana fara koyon karatu da harshensa, sannan Faransanci ya shigo sannu a hankali. Ɗalibin ajin harshe biyu yana da ƙafa biyu ke nan, kuma ba ya son ɗaya ta shanye a lokacin hutu. Saboda haka guzurinsa ya kasu kashi uku: littafin labari na Hausa, da littafin Faransanci mai sauƙi, da littafin sanin abubuwan duniya, ko da wane harshe aka rubuta shi.

Littattafan Hausa

A cikin 1933 aka shirya gasar rubuta labarai da Hausa a Zariya, ta ƙasar Najeriya. Littattafai 5 suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Dukkansu gajeru ne.

Mai son dariya ya nemi Ruwan Bagaja. Labarin wani ne mai suna Alhaji Imam, wanda ya shiga duniya neman wani ruwan magani. A garuruwa da dama yana karo da Malam Zurƙe, kowannensu yana shirya wa ɗan'uwansa makirci. Mai son labarin da ke taɓa zuciya ya nemi Shaihu Umar. Yaro ne aka sace a zamanin bauta, aka ƙetare hamada da shi, uwarsa ta bi sawunsa tana nema. Mai son labarin yaƙi da jaruntaka ya nemi Ganɗoki, ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, labarin yaron da ya taso ba ya iya tafiya, daga baya ya zama barde. Akwai kuma Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a cikin 1969, inda aka ɗauki wani yaro aka zaga da shi sararin samaniya.

Amma littafin da ya fi dacewa da inuwar bakin gona shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Kashi 3 ne, sun fito daga 1937 zuwa 1939, kuma akwai labarai fiye da 80 a cikinsu. A kashi na farko, sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Wani aku mai wayo yana ba Musa labari bayan labari don ya hana shi fita ya faɗa hannun maƙiya. Kowane labari yana tsaye da kansa, ana iya karanta shi a zama ɗaya.

Mai karanta littattafan Zariya zai ga ƴan bambance-bambance. Inda ake rubuta ƴ a Nijar, su suna rubuta 'y. Hausarsu ta gabas ce, tana da kalmomin da ba a faɗa a Dakoro. Sun kuma ari kalmomi daga Ingilishi, kamar yadda mutanen Nijar suka ara daga Faransanci. Inda tsofaffin Dakoro ke lissafi da tamma da dala, su suna maganar sule da sisi. Wannan ba abin tsoro ba ne. Ɗalibi ya rubuta irin waɗannan kalmomi a bayan littafin rubutunsa, ya tambayi fataken da ke zuwa Katsina da Kano.

Ƴan ƙananan aji kuwa, littattafan karatu da na tatsuniyoyi da ke cikin ajinsu sun ishe su. Maimaita littafin da aka riga aka karanta a aji yana ƙara wa baki sauri.

Littattafan Faransanci

A nan ne gwajin yatsu biyar ya fi amfani, domin babu wanda zai fassara wa yaro a gona. Dabara ita ce a zaɓi littafin da ke maganar abin da aka riga aka sani. Yaron da ya san tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da ta kura da zomo, ba zai sha wuya da La Belle Histoire de Leuk-le-Lièvre ba. Wasu ƴan Sanagal biyu ne, Léopold Sédar Senghor da Abdoulaye Sadji, suka rubuta shi a cikin 1953 don ƴan makaranta. Labarin zomo ne mai wayo da kura mai haɗama.

Boubou Hama, babban marubucin Nijar da ya rasu a cikin 1982, ya tattara tatsuniyoyi da almara na ƙasar nan a cikin Contes et Légendes du Niger. Ƴan aji biyar da aji shida suna iya gwada L'Enfant noir na Camara Laye, wanda ya fito a cikin 1953. Marubucin ɗan maƙeri ne daga garin Kurusa na ƙasar Gine. Ya ba da labarin ƙuruciyarsa, har da yadda yake zuwa ƙauyen kakarsa ana girbin shinkafa. Yaron da ya san girbin gero zai gane wannan babi da wuri.

Akwai kuma Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a cikin 1980. Yana ba da labarin Sarauniyar Lugu, ta ƙasar Arewa, wadda ta yi yaƙi da rundunar Turawan Faransa ta Voulet da Chanoine a cikin 1899. Wannan runduna ta ratso har cikin jihar Maraɗi. Faransancin littafin yana da ɗan nauyi. Ya fi kyau ɗalibi ya karanta shi tare da wansa ko yayarsa da ke kwaleji.

Wanda ya samu aron ƙamus ya yi sa'a. Akwai Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci, na Abdou Mijinguini. Amma kada a tsaya duba kowace kalma, don yin haka yana kashe daɗin labari. Sau da yawa sauran jimla tana nuna ma'anar kalmar da ba a sani ba.

Littafin sanin duniya

Kashi na uku shi ne littafin da ke bayanin tsirrai, ko dabbobi, ko taurari, ko lafiyar jiki, ko tarihi. Damina ce lokacinsa, domin abin da aka karanta ana ganinsa da ido. Wanda ya karanta yadda kwaɗo ke girma, sai ya je bakin tabki ya duba talibambam. Wanda ya karanta yadda sauro ke haihuwa a cikin ruwan da ya kwanta, zai gane dalilin da ya sa zazzaɓi ke yawa a watannin Agusta da Satumba, zai kuma kwana cikin gidan sauro. Wanda ya karanta labarin raƙumin dawa, ya sani cewa a arewa da Dakoro akwai gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955. A cikin 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure, kusa da Yamai, aka kai su can. Daga cikin tsofaffin littattafan Hausa na irin wannan ilimi akwai Ikon Allah, na Abubakar Imam da Rupert East.

Inda ake samun littafi

Littattafai ba su da yawa a karkara, kuma kuɗinsu ba kowane gida ke iya biya ba. Hanya ta farko ita ce aro. Kafin a rufe makaranta, ɗalibi ya je wajen malaminsa da ladabi, ya ce: "Malam, ina neman aron littafin da zan karanta a hutu." Malam zai rubuta sunansa da sunan littafin. Hanya ta biyu ita ce musanya. In yara 6 na unguwa ɗaya kowa yana da littafi 1, suka riƙa musanyawa bayan kowane mako 2, kafin ƙarshen hutu kowannensu ya karanta littattafai 6. Hanya ta uku ita ce saƙo. In wani babba zai je Maraɗi, ana iya rubuta masa sunan littafi da na marubucinsa a ƴar takarda, don kada ya sayo wani daban.

Wurin zama da haske

A lokacin damina gawo ba shi da ganye, saboda haka ba shi da inuwa. Mai karatu ya nemi gindin aduwa, ko na bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro. Ya zauna yadda hasken rana ba zai bugi takarda kai tsaye ba, don yana gajiyar da ido. In hadari ya taso ana walƙiya, ya tashi daga gindin itace. Da dare, littafi mai manyan baƙaƙe ya fi sauƙin karantawa a hasken fitilar ƙwai, ko tocila, ko fitila mai aiki da hasken rana. Karatun hutu ba ya shiga lokacin makarantar allo, ba ya kuma hana aikin da iyaye suka sa.

Littafin aro amana ne. Maƙiyansa huɗu ne: ruwa, da gara, da ɓera, da akuya. A yi masa riga da takardar buhun siminti, a sa shi cikin leda in za a fita da shi. A gida a ajiye shi cikin adaka ko a rataye shi cikin jaka, kada a bar shi a ƙasa ko jikin bango. A wanke hannu kafin a taɓa shi. Inda aka tsaya a sa tsinke ko ƴar takarda, kada a naɗe kunnen shafi.

Karatu a tsakar gida

A gidaje da yawa ɗalibin ajin harshe biyu shi ne na farko da ya iya karanta boko da harshen da kowa ke ji. In ya zaɓi littafin Hausa, ba shi kaɗai zai ci moriyarsa ba. Da dare yana iya karanta labari ɗaya da ƙarfi, iyaye da ƙanne suna saurare. Kaka takan ce ita ma ta san wani mai kama da shi, sai ta bayar. In yaron ya rubuta labarin kakarsa a cikin littafin rubutunsa, ranar komawa makaranta zai mayar wa malam da littafin aro, ya kuma kawo wa ajinsu sabon abin karantawa.

Ma'anar wasu kalmomi

Teku: babban ruwa mai gishiri da ya kewaye ƙasashen duniya.
Guzuri: abin da matafiyi ke ɗauka don amfaninsa a hanya.
Ƙamus: littafin da ke jera kalmomi yana ba da ma'anarsu.
Talibambam: ɗan kwaɗo tun yana da wutsiya, bai yi ƙafafu ba.
Amana: abin wani da aka ba mutum ya riƙe, ya mayar lafiya.

Tambayoyi

1. Kwana nawa ne a cikin watannin Yuli da Agusta da Satumba?
2. Me ke samun ɗalibin da bai yi karatu a lokacin hutu ba?
3. Don me masu zuwa bakin teku ke son ƙananan littattafai?
4. Yaya ake yin gwajin yatsu biyar?
5. Wane ne ya rubuta Magana Jari Ce? Don me ya dace da mai aikin gona?
6. Yarinya tana da littafi mai shafi 120. In tana karanta shafi 3 a rana, kwana nawa za ta yi kafin ta gama?
7. Waɗanne abubuwa huɗu ne ke ɓata littafi?

Aiki

Kowane ɗalibi ya ɗauki littattafai 2 daga cikin na aji, ɗaya na Hausa, ɗaya na Faransanci, ya yi musu gwajin yatsu biyar. Ya rubuta sunan kowanne, da sunan marubucinsa, da yawan shafukansa, da yawan yatsun da ya lanƙwasa.